Godiya ga duk wanda yas sa hannu a wanga hauka nawa na iyo da keke da gudu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi na dawo Sakkwato lahiya tun shekaranjiya da dare, sai yau ne jikina yay yarda in zauna in yi rubutu, don jiya ko ruku'u sai da dabara. Waɗanda sunka yi ta kira ban ɗauka ba ku gafarce ni, ba wulaƙanci ba ne, kwana nike kamar an jefa dutse rijiya.

Masu tambaya wai mi nit tahi yi Legas, sunan abin tirayatalon, wasa uku ne a jere ba hutu, ka hito ruwa ka hau keke, ka sauka keke ka zuba da gudu, kuma agogo bai tsayawa ko lokacin da kake ɗaure takalmi. Wadda niy yi ita ce ƙaramar, ta gajeren zango: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Wadda anka shigar Olamfik a Sidni a 2000 ninkinta biyu ce cif. Akwai ma ta manyan mahaukata da ake kira Ironman, iyo kusan kilomita 4, keke 180, sannan gudu kilomita 42, wagga kam Allah shi ba masu ita sa'a. Ƙwararru na gama irin tawa ƙasa da awa guda, ni awa 1 da minti 54 nic ci, can wajen wutsiya niz zo, amma dai da ƙafafuna nig gama ba motar asibiti tak kwaso ni ba, kuma ga malamin makaranta ɗan shekara 39 mai ɗan tumbinai ai wannan ba abin rainawa ba ne.

Bayan Allah godiya ta farko ta Inna ce. Da nig gaya mata zan shiga ruwan Legas sai tat tambaye ni ko bashi anka biyo ni, tay yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata da daɗi, don ita ruwa ba shi da amana kuma tana da labarin 'yan ruwa fiye da goma. Daga baya tas sa min albarka da sharaɗin in kira ta da na hito, na kuwa kira ta da jiƙaƙƙen hannu. Uwargida kuma ban san da bakin da zan gode mata ba, wata bakwai tana tashi kafin asuba ta dama min kunu, tana wankin kaya masu warin laka, tana kuma shan maganar maƙwabta wai maigidanta ya koma yaro shina tseren keke da 'yan firamare.

Sai Baba mai su na Kwalkwalawa. Wanga tsoho shi ne gasar gaba ɗaya wallahi. Ni dai iyon da nis sani shi ne na ƙuruciya, a faɗa kududdufi a yi ta bugun ruwa da ƙafa. Na gwada wurin wanka na wani otal, ga tsada ga gajarta, hannu goma ka bugi bango. Wani ɗalibina ne yac ce Malam ai kakana Basarki ne, cikin ruwa yat tashi, yak kai ni wurinai bakin gulbin Rima ƙasan gadar da ake bi zuwa jami'ar Ɗanfodiyo. Ranar farko Baba yad dube ni ina fafutuka kamar kazar da taf faɗa randa, yay yi dariya har goro yaz zubo mai daga baki, yac ce ɗana kai faɗa kake da ruwa, shi ko ba a cin shi da faɗa. Yab ba ni gora irin wadda suke dafawa wurin su, sati biyu ba abin da nike yi sai in dafa gora in nutsa fuska in busar da iska cikin ruwa in juya gefe in shaƙa. Sannan yan nuna min wata giginya can ƙetare yac ce duk hannu shida in ɗaga ido in neme ta, in ba haka ba ruwa zai kai ni inda shike so. Cikin hunturu munka yi wannan, haƙorana na kaɗawa shi ko shina zaune cikin jirginai da guntun bargo shina ƙirga min. Kuɗi kuwa yaƙ ƙi karɓa ƙememe, goro kawai da batirin rediyo.

Na gode ma mai gyaran kekena na bakin Tsohuwar Kasuwa, keken gwanjo ne nis saya giyarsa na tsallake, yaz zauna yad daidaita shi, kuma facin da yay yi min saboda ƙayar hanyar Wamakko ni kaina na daina ƙirgawa. Abokan gudu na filin wasa na Giginya, ku ne kunka matsa min in riƙa sauka keke in kama gudu nan take, ina zaginku a zuci lokacin, yau ina sa muku albarka. Direban motar albasa da yaɗ ɗaukar min keke kyauta, ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori har Mile 12, Allah shi tsare hanya, keken dai har ranar gasa warin albasa shike yi. 'Yan uwanmu na Agege da sunka ba ni ɗaki da tuwo kwana huɗu, Allah shi bar zumunci. Akwai wani ofishi da anka yi min alkawarin tallafi niy yi sahu shida kullum oga na mitin, su ma na gode, tattakin ya ƙara min horo.

Ranar gasa anka rubuta min lamba a dantse, anka ɗaura min wata 'yar na'ura a idon sawu mai ƙirga lokaci. Ni kaɗai ne da wando har ƙasan gwiwa da riga, don ɗamammun kayan nan nasu ba zan iya tsayawa gaban mutane da su ba. Ana busa usur kowa yaf faɗa ruwa lokaci guda, ban yi mita 100 ba wani yas shure ni a fuska gilashin ruwa yak karkace, nik kurɓi ruwan gishiri har maƙoshi, ƙirjina yat toshe, hannuwa ko'ina, wallahi na ga Inna ƙiri-ƙiri. Wani saurayi mai kwale-kwalen ceto yam matso shina tambaya ko in hita. Sai nij juya rigingine yadda Baba ke sa ni in na gaji, nid dubi sama niy yi salati, nig gyara gilashi, nin nemi ƙatuwar balan-balan ɗin da anka kafa alamar kwana nic ce to ke ce giginyata yau. Hannu shida in duba, hannu shida in duba. Minti 25 nih hito, ƙasa na juya min.

Wurin canji niy yi abin kunya, nij jawo keke ban ɗaure hular kwano ba, wata alƙaliya tad daka min tsawa tas sa nim maida shi nid ɗaure sannan, doka ce kuma tana da gaskiya. Kan keke kam na huta rai, wanda yas saba da ranar Sakkwato da iskar hanyar Bodinga kilomita 20 ba komi ba ne, har na wuce mutum biyar masu kekunan da kuɗinsu zai sayi fili a Arkilla. Amma gudun nan! Ƙafafuna sunka koma taɓare, ga zafin Legas na jiƙa ne, zufa ba ta bushewa irin namu. A kilomita na 4 na fara takawa sai nij ji murya daga bakin titi, wani mai sayar da rake ya karanta Sakkwato da nir rubuta a gaban riga, yak kwarma ihu, Malam kar ka ba mu kunya! Ban san sunanka ba ɗan uwa, amma kai kak kai ni layin gamawa.

Wanda yab ba ni aron hular kwano ka ƙara haƙuri zuwa Juma'a, tana ɗaure jikin keken, suna hanya cikin motar da ke dawowa. Yau da safe nik kai ma Baba lambar da anka rataya min, yaj juya ta gaba da baya, yag gwada ta da haƙori, yam miƙo min abata, sannan yat tambaye ni wai duk wanga ruwa da nis shiga ko ƙarfasa guda ban kamo mai ba.