Farar shadda da shuɗin ƙyalle

Ranar Asabar na miƙa wa oga makullin shago, bayan shekara biyu da wata huɗu ina tace bidiyo a ɗan ɗakin nan na Agege da duk wanda ya taɓa shiga ya san zafinsa. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu abin da na koya. Yawancinsa a aiki ɗaya na koye shi, tallar wani Alhaji mai yadi a kasuwar Balogun ta Legas.

Talla ce ta daƙiƙa 40 da za a watsa a Facebook da WhatsApp kafin Babbar Sallah. Alhaji yana so a gan shi tsaye, gadar Lekki zuwa Ikoyi a bayansa. Oga ya ce ba sai mun sha cunkoso ba, ai muna da shuɗin ƙyalle, wanda ake tsayar da mutum a gabansa, daga baya kwamfuta ta cire launinsa a sa hoton gadar a wurin. Ƙyallen kuwa na araha ne, mai sheƙi, duk sawun ninki a jikinsa. Na ce a goge shi, a kuma haya fitila biyu da za su haska shi shi kaɗai. Ya ce, "Kai dai ɗauka, kwamfuta za ta gyara."

Alhaji ya iso cikin farar babbar riga. Na duba hula, na duba aikin wuya, babu ko zaren shuɗi, na yi hamdala. Abin da ban lissafa ba shi ne shaddar ta sha bula a wurin wanki, ta kuma sha bugu har tana ɗaukar ido. Ga ɗakin da ƙunci, taku ɗaya ne tsakanin bayansa da ƙyallen. Bugaggiyar shadda kuwa ƙanwar madubi ce, duk shuɗin da ke bayanta sai da ta kwaso ta yafa. A ƙaramin allon kyamara fara ce tas.

Da dare na zuba a Premiere, manhajar tace bidiyo, na ɗora Ultra Key mai cire launin da aka nuna masa, na taɓa launin bango. Ƙyalle ya ɓace, ya tafi da kafaɗar Alhaji ta hagu. Duk sanda ya naɗe hannun riga ya saɓa a kafaɗa, sai igiyoyin gada su leƙo ta ƙirjinsa. Manhajar ba ta san mutum ba, ba ta san bango ba, launi kawai ta sani. In na sassauta mata don rigar ta dawo, sai ninkin ƙyalle da inuwar Alhaji su biyo ta. In na matsa, riga ta huje.

A daren nan na gane dalilin da ya sa yawancin masu kyamarar dijital suka koma koren ƙyalle. A idon kyamara, ɗigon da ke karɓar kore ya ninka na shuɗi sau biyu, don haka shuɗi ne ke fara yin tsaki-tsaki in haske ya gaza, kuma ya fi kore cin fitila. Ƙananan kyamarori irin tamu da wayoyi kuma matse launi suke yi, kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke ajiyewa, shi ya sa gefen mutum ke fitowa kamar an yanka da zarto.

Na roƙi a sake ɗauka, ashe Alhaji ya wuce Kano. A gabana oga ya kira shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaron ne hannunsa bai faɗa ba." Ban ce uffan ba. Hoto 25 ne a kowace daƙiƙa, daƙiƙa 40 hoto dubu ke nan. Kwana uku ina zagaye rigar nan da hannu, ina bin hannunta duk inda ya lula, man janareta daga aljihuna. Ƙarshen wata aka zabtare min rabin albashi, wai kuɗin ɓata lokaci. Tallar ta kawo wa oga 'yan kasuwa biyu daga layin Alhaji, kuma har gobe ita yake fara nuna wa baƙi, yana cewa "aikinmu".

Ban wanke kaina ba. Da na ɗauki daƙiƙa goma na gwada cire bangon kafin Alhaji ya fara magana, da cikin minti biyar na ga ɓarnar. Kunyar tsayar da babban mutum ce ta hana ni, sai tsoron fuskar oga.

Sauran darussan ba su da yawa. Ku nisanta mutum daga ƙyalle kamar mita biyu. Fitilar bango daban, ta mutum daban. Ku ƙara saurin shata, wato saurin ƙiftawar idon kyamara, in mai magana yana yawan wurga hannu. Ku tambayi kayan da za a sa tun ana jibi, har da wanda ya wanke su. In aka ce muku kwamfuta za ta gyara, ku nemi a turo muku maganar a rubuce ta WhatsApp.

Koren ƙyallen da kuke aiki da shi tun bara, marar sheƙin nan, da kuɗina na saye shi, don haka na naɗe abina na tafi da shi. Shuɗin yana nan bayan kabad, har yanzu ba a goge shi ba.