Haruffa huɗu a jikin kwali sun sa na yi asarar kuɗin bindigar fenti

Shekaranjiya wani abokin sana'ata daga Daura ya kira ni da daddare, wai ya samu injin feshin fenti na hannu irin wanda ba ya buƙatar kwamfaresa, tabain ake ce masa, to wace bindiga zai saya ya haɗa? Na ce masa Malam tsaya tukuna, kar ka taɓa aljihunka sai ka ji abin da ya same ni. Bayan mun gama waya na ga gara in rubuta shi nan don na san ba mu kaɗai ba ne.

Ni kafinta ne, kayan ɗakin amare nake yi, gado da wadirob da madubi, shagona na nan wajen Ƙofar Ƙaura. Shekaru da kwamfaresa nake feshi da bindiga ta gargajiya, kuma duk mai wannan aikin ya san yadda take, ka danna kawai sai hazo ya tashi, rabin fentin a iska yake tafiya, mai shayin da ke gefenmu har cewa yake shayinsa ya fara ƙanshin tina. Shi ya sa da na ga tabain ɗin gwanjo ba bindiga a jikinsa kuma da sauƙin kuɗi ban yi wata-wata ba. A jikinsa an rubuta HVLP. Na shiga mota na tafi Kano, na zaga kasuwa na samu bindiga sabuwa fil a kwali, ita ma HVLP ɓaro-ɓaro, mai shagon ya ce ai Oga duk Ja'afar ce, ɗauka kawai.

Na dawo Katsina da murna, ina buɗe kwali na ga matsala. Tiyon tabain kaurinsa kamar sandar rake, bakin shigar iskar bindigar kuwa bai fi kaurin biro ba. Maimakon in tsaya in yi tunani sai taurin kai ya kai ni wajen mai tona ƙarfe ya yanka mini mahaɗi, na naɗe da salatif, na zuba sila, wato ruwan da ake fara fesa wa katako kafin banish, na danna. Wallahi tofi kawai take yi, ɗis ɗis kamar akuya na atishawa, murfin wadirob guda sai da yarona ya kwashe yini yana bin sa da samfefa.

Daga baya na gane abin. HVLP ɗin nan ma'anarsa iska mai yawa amma matsinta kaɗan, a bakin bindiga ba ya wuce psi 10 (psi ma'aunin matsin iska ne), shi ya sa fenti ke zama a jikin katako maimakon ya koma hazo. Amma bindigogin iri biyu ne masu wannan suna. Akwai ta kwamfaresa, ita tana son a ba ta iska mai ƙarfi wajen psi 29, wato bar 2 a agogon auna iska, sai ta rage ƙarfin a cikin cikinta ta wasu ƴan siraran hanyoyi. Akwai kuma ta tabain, wadda hanyoyin cikinta a buɗe suke wangame saboda tabain tun asali ba shi da ƙarfin matsi, fankoki ne ke juyawa da gudu kamar injin zuƙe ƙura da aka juya, iska yake turowa da yawa. To ni na ɗauki iskar da dama ba ta kai 10 ba na cusa ta a bindigar da aikinta ragewa ne. Me zai fito in ba tofi ba?

Ko a cikin na tabain ɗin ma akwai wani tarko, kuma wannan ya fi haɗari don inji yake kashewa. Wata bindigar da zarar ka kunna inji iska na fita ta bakinta ko ba ka danna ba, wata kuma sai ka danna. Mai fitar da iska kullum tana da ban haushi, ka juya ta kaɗan ta taso maka da ƙurar ƙasa a kan aikin da bai bushe ba, amma tana barin inji ya sha iska. Wadda ke rufewa ta fi daɗin aiki, sai dai dole injin ya zamana yana da wata ƴar ƙofa ta sakin iska a jikinsa ko a tiyo, in babu, kana sakin hannu iska ta rasa hanya, moto ya ɗau zafi har ya ƙone. Tsofaffin injuna da yawa ba su da wannan ƙofar, kuma irin su ne ke zuwa mana a gwanjo.

Sai maganar hawa, wato yawan fankokin da ke ciki. Mai hawa 2 yana ba da wajen psi 5, ya ishi sila da banish da fentin da aka sirka sosai. Mai hawa 4 ko 5 yana kaiwa 8 zuwa 9 da ɗoriya, shi ke iya tura mai kauri. In emolshan kake son fesawa da mai hawa 2 to za ka yi ta zuba ruwa har fentin ya zama kunu. Allurar cikin bindiga da bakinta ma bin kaurin fenti suke, mai milimita 1.3 nake sa wa sila da banish, 1.8 in mai kauri ne, kuma saitin na kowane kamfani nasa ne, allurar Fuji ba ta shiga bindigar Wagner ko Apollo, kar wani ya ce maka a goge ta za ta zauna. Ni yanzu ina da ɗan kofin gwaji mai huda a ƙasa, in cika shi in ƙirga daƙiƙa, tawa silar in ta tsiyaye a wajen 20 na san ta yi.

Abin da masu bidiyon ƙasashen waje ba sa damuwa da shi kuma shi ne zafinmu. Tabain iskarsa da ɗumi take fitowa, ka haɗa da ranar watan Afrilu ta Katsina, fenti kafin ya isa katako ya fara bushewa, ka shafa hannu ka ji garas-garas kamar bayan lemo. Ni da bazara daga an idar da Asuba nake feshi, ƙarfe goma na rufe, kuma ba na rage tsawon tiyo don a nan iskar ke ɗan hucewa. Da hunturu soson tace ƙura kullum sai na kakkaɓe shi. Inda ya burge ni shi ne damina, ba ruwan da ke biyo iska ya ɓata maka aiki irin na tankin kwamfaresa.

Abokin nan nawa dai na ce ya turo mini hoton ɗan farantin da ke bayan injin ta WhatsApp. Ya turo, na ƙara girman hoton na ga 120V, kayan Amurka ne, mu kuwa 230 muke da shi, ga shi yana cin wat sama da 1,000 kuma ƙaramin janareto gare shi wanda ko dutsen guga da kyar yake ɗauka. Na ce masa maganar bindiga a ajiye ta gefe, ya fara tambayo kuɗin taransifoma, in ya shigo Katsina ranar Asabar ya taho da injin mu duba ko yana da ƙofar sakin iska. Tawa ta kwamfaresar tana nan cikin kwalinta, na ce in yana so ya ɗauka rabin kuɗi, ya ce a'a ya gode.