Kuɗin koyar da ƴan istaj: abin da na gani bakin gadon marar lahiya

Shekara huɗu kenan da aka damƙa mini kayen ƴan istaj, wato ɗaliban kiwon lahiya masu zuwa koyon aiki, a asibitin da nike aiki nan jihar Maraɗi. Ba zan kama sunan wurin ba. Ni ba lokotoro ba ne, aikina na biro ne, lissahi da takardu, kuma ranar da darakta ya ce kai za ka riƙa amsar yaran nan kana rarraba su sarbis-sarbis na ɗauka rubuta suna ne kawai da buga tampo, ashe maganar kuɗi ce ke kwance ƙarƙashi.

Mu da muka ɗan manyanta mun san lokacin da duk yaron da ke son karatun likita a ƙasar nan sai ya ɗauki jakarshi ya tahi Yamai, jami'ar Abdou Moumouni. A 2010 Maraɗi ta samu jami'arta, wadda daga baya aka sa ma sunan Dan Dicko Dankoulodo, kuma yau tana da fakilten kiwon lahiya, Damagaram ma haka, ga kuma lakkol masu zaman kansu da ke koyar da anfirme da sajfam sun yawaita. Abin farin ciki ne wallahi. Amma duk waɗannan yaran, ko wace lakkol suka hito, wuri guda suke haɗuwa, bakin gado. Ba a koyon neman jijiyar jariri a kan allo.

To wa ke biyan wanga karatu na bakin gado? Na zauna na bi hanyoyin kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Burs ɗin da ANAB, hukumar burs ta gwamnati, ke ba ɗalibi na aljihunshi ne, abinci da haya da kuɗin kabu-kabu. Albashin malaman jami'a daga ma'aikatar ilimi mai zurfi yake hitowa, asibiti kuma ƙarƙashin ma'aikatar lahiya yake. Lakkol masu zaman kansu su kan zubo wani abu bisa kan kowane ɗalibi. Sai ka duba ka ga safar hannu da auduga da alkol da takunkumi, da katifar ɗakin gardi, da lokacin da majo, wato babban anfirme na sarbis, ke ɓatawa yana nuna ma yaro abu sau uku alhali shi kaɗai cikin minti biyu ya gama, duk waɗannan babu layin da ke ɗauke da sunansu cikin bije. Kowace ma'aikata na ganin kamar na ɗayar ne.

Wata rana cikin watan Satumba, tsakiyar lokacin masassarar cizon sauro, na shiga ɗakin yara kai wata takarda. Wanda ya san damina a nan ya san yadda ɗakin yake, yara biyu wani sa'in uku kan gado ɗaya, uwaye zaune ƙasa bisa tabarmi, ledar ƙarin ruwa rataye ko'ina har jikin taga. Can gefe na ga wata ɗaliba ƴar shekara ta biyar tsaye da farar riga, hannuwanta a baya, tana kallon majo na sa ma wani yaro allurar ƙarin jini. Na ce mata ɗiyata mi ya hana ki kama mata? Ta ce Baba sati uku kenan ban taɓa ba, safar hannu ƙidaye take. Majo ɗin, wata Hajiya da ta kusa ritaya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce mini Malam kwali ɗaya aka ba ni na kwana biyu, in na ba su ni mi zan sa da dare? Daga baya na ji yarinyar ta fara zuwa farmasi tana sayen nata da kuɗin burs ɗinta don kar wata ya ƙare ba ta koyi komi ba. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abinci ranar.

Na koma biro na buɗe littahin kes. Akwai kuɗin istaj da suka shigo watan, na gan su da idona, sun faɗa babban asusu sun gauraye da sauran, kuma cikin satin aka sayi gazuwal na gurup saboda wuta na ɗaukewa kuma ba a barin ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini cikin duhu. Ba wanda ya saci dala. Tun da aka kawo tiyatar haihuwa kyauta a 2005, da kulawa kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, asibiti ke yin aikin ya jira gwamnati ta maido mishi, kuma kowa ya san maidowar na jinkiri, don haka duk kuɗin da ya shigo ba da suna a goshinshi ba, buƙatar da ta hi ƙara ita ke cinye shi. Karatun ɗalibi kuwa ba ya kuka, yau ba ka ganin asararshi, sai bayan shekara uku in an tura yarinyar nan ita kaɗai wata likita can wajen Dakoro ko Bermo, ƙarhe biyu na dare aka kawo mata yaro jijiya ta ɓace.

Masu bincike sun zo a shekarar, kwana uku suna biro, sun duba rasi, sun duba tampo da sa hannu, komi daidai, suka rubuta rapor mai kyau. Ban ga laihinsu ba, abin da aka aiko su dubawa kenan. Amma ba wanda ya ce a kawo karnen istaj na ɗalibai a ga haihuwa nawa kowa ya tsaya a kai, ɗinki nawa ya yi, dare nawa ya kwana gardi da babba kusa da shi. Tun ranar na daina yarda da binciken da ke tsayawa kan rasi kaɗai. Kayen kuɗi da karnen ɗalibi tebur guda ya kamata a aje su, mutum guda ya karanta su tare.

Abin da muka yi ba wani babban abu ba ne. Mun nemi a rubuta yarjejeniya da kowace lakkol, adadin yara, tsawon zama, nawa za a zubo da abin da za a saya da shi. Kontabul ya buɗe layi dabam. Muka kafa ƙaramin kwamiti irin na kojes, kwamitin kula da kuɗin likita, da aka saba da shi a likitocin ƙauye tun bayan shirin Bamako na 1987, sai dai mu mun sa wakilin ɗalibai ciki, kuma duk wata uku ana liƙa lissahin jikin bango kusa da ɗakin gardi. Wakilin nan ya hi kowa amfani, shi ne ya fara cewa an rubuta katifa huɗu amma biyu muka gani, aka bi aka iske biyun suna magaza ba a hiddo ba.

Ƙayyade adadi shi ya jawo mini baƙin jini. Waya kan waya, ɗan wane ne a taimaka a saka shi. Amma yara ashirin bayan lokotoro ɗaya wurin zagayen sahe, na baya ko muryarshi ba ya ji, kuma marar lahiya ma mutum ne, ba ya son a kewaye shi kamar an ga abin kallo a kasuwa.

Inda har yau muka kasa shi ne ladan masu koyarwa. Kan takarda shugaban sarbis ne mai kula da ɗalibai, shi ke sa hannu, shi ake ba ɗan abin da aka ware, kuma da yawansu suna koyarwa tsakani da Allah. Amma wanda ke tare da yaro daga ƙarhe takwas na dare har asuba majo ne da sajfam, su ke kama hannunshi su ce a'a ba nan ba, ɗan sauko ƙasa, kuma sunansu ba ya cikin kowace takarda. Hajiyar nan ta yi ritaya bara, likitocin da suka bi ta hannunta ba su ƙidayuwa, ba ta taɓa amsar ko jika ɗaya da sunan koyarwa ba. Sau biyu ina kai maganar gaban kwamiti, a riƙa rubuta sunan wanda ya kwana da ɗalibi cikin karne, ladan ya bi sunan, sau biyu ana cewa a bari sai an tambayi sama. Alhamis mai zuwa akwai zama, na riga na sake sa ta layin farko, kuma wanga karo na roƙi majo biyu na dare su zo su faɗa da bakinsu.