Kafin ka damƙa wa na'ura littafin bashinka

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni bayan sallar isha'i, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, amma tun daga gaisuwa idonsa bai bar fuskar wayar abokinsa da ya aro ba. Wata uku ke nan da ya kama 'yar rumfa a Kantin Kwari, kuma ya yanke shawarar ba zai riƙe littafi irin namu ba, zai sayi na'ura guda ya zuba lissafin kaya da sunayen masu bashi da ranakun biya a cikinta. Wayoyi biyu yake aunawa, da na tambaye shi abin da ya bambanta su sai ya ce, "Kawu, wannan kyamararta uku ce, waccan kuma batirinta ya fi daɗewa, amma wannan ita ake yayi." Ban ce masa komai ba a daren, domin maganar da ta fito daga bakinsa kusan ita ce wadda na faɗa wa kaina a wani shago a unguwar Deira ta birnin Dubai a shekarar 2002.

Yawancinku matasa ba ku riski abin da muke kira oganaiza ba. A lokacin wayar salula sabuwar aba ce a Nijeriya, a watan Agusta na 2001 aka fara aiki da layukan GSM, kuma aikin waya bai wuce kira da gajeren saƙo ba. Wanda yake son ajiye jadawalin ranaku da lambobin mutane da lissafi a aljihunsa sai ya sayi wata na'ura daban mai girman tafin hannu, wadda ake rubutu a fuskarta da ɗan tsinken roba. Iri biyu ne suka cika shaguna. Akwai na Palm, waɗanda suka fara fitowa a 1996, kuma masu araharsu fuskarsu ba ta da launi, batir biyu ƙanana irin na rimot suke ci, su yi makonni ba su mutu ba. Samfurin m100 da ya fito a 2000 dala 149 aka sa masa. Sai kuma na ɓangaren Pocket PC, irin su iPAQ da Jornada da Cassiopeia, masu fuska mai launi da haske, waɗanda suke kunna waƙa, suke buɗe ƙaramin Word da Excel, kuɗinsu kuma ya kai dala 500 ko fiye. Akwai na Psion na ƙasar Ingila mai madannai kamar keken rubutu, amma kamfanin ya daina yi wa jama'a irinsu tun 2001, saboda haka ban tsaya a kansa ba.

Na je Dubai ne sayo yadi, kuma abin da nake buƙata bai wuce uku ba: lambobin abokan ciniki, lissafin bashi, da abin da zai tuna mini ranar da kowa ya yi alkawari. Mai shagon ya ɗora mini guda biyu a kan gilashi, ɗaya daga kowane ɓangare, sannan ya yi mini tambayar da har yau nake jin ta a kunnena, wato ko ina da kwamfuta a gida. Ba ni da ita. Na ce masa ina da ita, domin wani abokina yana da guda a ofishinsa, kuma na ƙudurta a raina cewa zan riƙa zuwa can. Ya sake tambaya ko wuta tana zama a garinmu. A nan raina ya ɓaci, na ɗauka yana kallona a matsayin baƙon da bai isa ya riƙe mai tsada ba, na ce a naɗe mini mai launin, na ƙirga masa kuɗin da zai sayi uku daga cikin waccan. Mutumin nan gaskiya yake ƙoƙarin gaya mini, ribarsa ma ta fi yawa a kan wadda na ɗauka, amma na mayar da nasiharsa raini.

Dole in faɗi abin da zai kare ni, ko da kaɗan ne. Babu wanda zan tambaya a lokacin, a duk layinmu ba wanda ya taɓa riƙe irin wannan na'ura, intanet kuma sai ka je shago ka biya kuɗin awa, shafi guda ya ɗauki mintuna kafin ya buɗe. Sannan a kasuwa kwarjini ma jari ne. Idan baƙo daga Maraɗi ko Damagaram ko Njamena ya ga ka zaro abu mai haske ka duba lissafinsa a ciki, yakan ji cewa yana hulɗa da wanda ya san abin da yake yi, kuma ba zan musanta cewa na sami ciniki ta wannan hanya ba. Haka nan rubutun na Palm sai ka koyi wani salon haruffa na musamman da ake kira Graffiti, inda ake zana kusan kowane harafi da ja ɗaya, kuma na gaya wa kaina cewa ba ni da lokacin komawa makaranta. Duk waɗannan dalilai gaskiya ne. Amma idan na kaɗaita da zuciyata, na san cewa ba su ne suka sa na miƙa kuɗin ba. So nake a gani a hannuna, kuma dalilan daga baya na tara su.

Wata huɗu na yi ina jin daɗinta. Na kwashe lissafin bashi gaba ɗaya daga littafi na zuba a ciki, dare da dare, har idona ya riƙa ciwo. Yaron shagona ya ci gaba da rubutawa a littafin na 'yan makonni, sai na hana shi, na ce aiki biyu ɓata lokaci ne. Ofishin abokin nan kuwa sau ɗaya na je, muka kasa haɗa igiyar da kwamfutarsa, na ce zan dawo, ban koma ba. Batirin na'urar ba ya wuce yini idan ana aiki da ita sosai, saboda haka duk inda na ji ƙarar janareto sai na nemi alfarmar caji, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me zai faru ranar da ban samu ba.

Ranar ta zo da rasuwar baffana. Aka aiko da asuba, na fita a gigice, na bar na'urar a aljihun tebur, na tafi ƙauye inda babu wuta ko waya, na zauna har aka yi addu'ar bakwai, sannan rabon gado ya ƙara riƙe ni. Da na dawo na sa ta a caji ta kunnu, sai ta nuna mini ɗan gicciye a fuskarta tana neman in taɓa shi da tsinke, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Babu suna ko ɗaya, babu lamba ko ɗaya. Daga baya na fahimci dalili: na'urorin wancan zamani suna riƙe bayanai ne a wata ƙwaƙwalwa da ba ta zama sai da wutar batir, idan babban batir ya ƙare kuma ƙaramin da ke tallafa masa ya biyo baya, komai ya tafi. Wannan ba aibin kamfani ɗaya ba ne, kusan dukkansu haka suke a lokacin, sai wajen 2004 da 2005 aka fara fito da waɗanda ba sa mantuwa idan batir ya mutu. Shi ya sa kowace take zuwa da mazauni ko igiyar da ake haɗa ta da kwamfuta a kwafe abin da ke ciki, kuma shi ya sa mai shagon ya yi mini tambayoyinsa biyu. Da mai arahar na ɗauka, batirinta zai jira ni har in dawo, in ya yi sanyi in sayi wani a wurin mai tireda. Amma ko ita da na saya, ba tare da kwafi ba wata rana za ta yi mini haka.

Kuɗin da na rasa ba su ne suke damuna ba, Allah Ya mayar da su tuntuni. Da yawa daga masu bashin sun zo da kansu sun faɗi abin da ke kansu, wasu kaɗan sun ga dama ta samu sun yi shiru. Abin da yake cin raina shi ne wani dattijo daga Maraɗi wanda muka shekara shida muna ciniki. Ya ce ya biya rabin kuɗinsa kafin tafiyata, ni kuma ƙwaƙwalwata ta ce bai biya ba, kuma da yake zuciyata cike take da zargin kowa, na ɗaga masa murya a gaban mutane. Ya biya abin da na ce bai ƙara magana ba. Bayan wata biyu na tsinci takardar da na rubuta da hannuna ranar da ya kawo rabin, a aljihun wata babbar riga. Na aika masa da kuɗinsa, na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake taka rumfata ba har ya rasu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma na san ta tun ina makarantar allo. Na rubuta, amma a wurin da ni kaɗai nake gani, kuma wurin da ban fahimci yadda yake aiki ba.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari goma, sai na ga yawancinsu maimaici ne. Kafin ka shiga Farm Centre ko kowace kasuwar waya, ɗauki takarda ka rubuta aikin da za ta yi maka, kuma idan abin da mai shago yake yabawa ba ya cikin takardar, kada ka biya kuɗinsa. Na san za ku ce wayoyin yanzu ba sa goge komai don batir ya mutu, kuma haka ne. To amma ana ƙwace su a lungu, suna faɗawa a ruwa, gilashinsu yana fashewa, kuma abin da ya fi ba ni haushi, rabinku yaron shagon waya ne ya buɗe muku imel ɗin da bayananku suke kwafuwa a ciki, ba ku san kalmar sirrinsa ba, wasunku ma layin da ke ciki da sunan wani aka yi masa rajista. Kuna iya kwana kuna kallon bidiyon wani yana yage ledar sabuwar waya, amma minti biyar na duba inda lissafinku yake ajiye ya fi ƙarfinku. Mu rashin sani ne ya kayar da mu, ku kuwa sanin yana tafin hannunku.

Ku sayi mai araha a karon farko, domin ba ku san buƙatarku ba tukuna sai kun yi wata shida da ita. Ko da yake a nan ma sai na ja da baya, don na ga yara sun sayi ta hannu mai arha wadda batirinta ya kumbura cikin wata biyu, suka sake sayen wata, kuɗin ya zarce na mai kyau. To ku sayi mai ƙarko, ko da za ku ƙara jira. Ba na cewa ku koma takarda, zamani ya wuce nan, kuma ni kaina da waya nake lissafi yanzu. Amma ku riƙe littafi. Duk bashin da ya kai a yi rigima a kansa, a rubuta shi da biro, wanda ya karɓa ya sa hannu, wani ya shaida.

Shekaranjiya yaron ya dawo da mai kyamara ukun a hannunsa, ya riga ya saya tun kafin in shirya abin da zan gaya masa. Na shiga ɗaki na ɗauko sabon littafi mai kauri, irin mai bangon kwali, na ba shi, na ce ya rubuta imel ɗinsa da kalmar sirrin a wata takarda ya kai wa mahaifiyarsa ta adana masa. Ya ce, "To, Kawu, in sha Allah," ya sa littafin a hammata, idonsa yana kan wayar. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan biyo ta rumfarsa in ga shafin farko.