Keken daji a ƙasar da ba ta da tudu: abin da ɗan Kaduna zai tarar a Holand

A Kaduna keke abin aike ne. A tura yaro Kasuwar Barci, ko a ɗauro buhu daga Kawo, da mutum ya samu kuɗin mashin kuma sai ya jingine shi a zaure. A Holand babu wannan raini, don har Mark Rutte lokacin da yake firaminista da keke yake zuwa ofis. Baƙon da ya gama rajista a ƙaramar hukuma ya samu ɗaki, abu na gaba da zai nema keke ne. Na gari zai kai shi aiki da masallaci. Wanda zai fitar da shi daga zaman ɗaki ranar Asabar, ya nuna masa ƙasar da ya zo, shi ne keken daji mai faffaɗar taya.

Don duwatsu aka ƙera irin wannan keke, amma tudu mafi tsawo a ɓangaren ƙasar da ke Turai mita 322 ne kacal, shi ma can kan iyaka da Jamus da Beljiyam. Wanda ya san duwatsun Kajuru ko Kufena zai yi dariya. Mako biyu ya isa dariyar ta ƙare.

Ɗauki lardin Flevoland, gabas da Amstadam. Da can ƙasan teku ne. An toshe bakin tekun da katangar Afsluitdijk a 1932, aka janye ruwan sashen gabas a 1957, na kudu a 1968, wurin ya zama lardi a 1986. Har yau kana tafiya za ka ga ɓawon katantanwar teku a cikin ƙasa. Tsakanin Almere da Lelystad akwai gandun Oostvaardersplassen, kusan murabba'in kilomita 56 na fadama da tafkuna, inda dawakai da shanu da manyan barewa ke kiwo babu makiyayi. Tsakiyar gandun a rufe take, ana zagaya gefensa ne ta kan katangar tafkin Markermeer da hanyoyin da aka ware. Siraran hanyoyin keken daji na ainihi suna cikin dazuzzuka irin Horsterwold kusa da Zeewolde. Alamarsu alwatika ce da ƙwallaye biyu, inda tsininta ya nuna nan za ka bi. Yawancinsu hanya ɗaya ce, ba a juyowa.

Ƙasar wannan lardi yumɓu ce. In an kwana biyu ana ruwa takan zama kamar fadamar bakin kogin Kaduna a watan Agusta: laka ta cika tsakanin taya da firam har keke ya ƙi motsi, kai kuma ka bar rami a hanyar da 'yan sa-kai suka sha wahalar gyarawa. A irin wannan rana ka nemi hanyar yashi ko ta kwalta. Ta kwaltar tana da lambobi a kowace mahaɗa, tsarin da aka fara a Beljiyam a 1995. Ka rubuta jerin lambobin a takarda ka manna a kan keke, ba sai ka riƙa ciro waya ba.

Babban abokin faɗa iska ce. Inda akwai tudu akwai gangara, ƙafa takan huta. A nan daga fita har dawowa feda kake yi. Iskar galibi daga kudu maso yamma take tasowa, a kan katangar tafki kuma babu ko bishiya ɗaya da za ta kare ka, sai ka ga gudunka ya ragu da rabi. Kuskuren sabon zuwa kullum ɗaya ne: ya fita iska na tura shi ta baya, ya ji daɗi ya yi nisan kilomita 25, sai a dawowa ya gane bashi ya ci. Ka duba inda take kaɗawa kafin ka fita, ka tunkare ta da sauran ƙarfinka, ta rako ka gida. Ka sauko giya mara nauyi yadda ƙafa za ta juya sau 80 zuwa 90 a minti. Masu danna giya mai nauyi don nuna ƙarfi su ne ke kwana da ciwon gwiwa. Sauran ciwon gwiwar daga sirdi yake zuwa, domin mun saba da hawa yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi.

Wajen saye, kada ka ɓata kuɗi a kan mai shokozoba gaba da baya. Mai ita a gaba kawai ya wadatar, ya fi sauƙin nauyi da gyara. Ƙafa mai inci 29, faɗin taya inci 2.2 zuwa 2.35, birki mai faifai. Na hannu sun cika Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, kuma kayan da muke kira 'yan Beljiyam a gida ai nan ne maƙwabtan garinsu. Sai dai ka juya keken ka karanta lambar firam da ke ƙarƙashin mazaunin feda, ka duba ta a rajistar kayan sata ta 'yan sanda a intanet. Wanda ya tare ka a bakin tasha da keke mai kyau a Yuro 50, na sata ne, sayensa kuma laifi ne da ake hukuntawa. Mai takardar zama ta wucin gadi ba shi da buƙatar wannan rigima.

Iskar taya ita ce inda tarbiyyar gida ke cutar da mu. Mai faci a Tudun Wada yakan bugo ta har ta yi tauri kamar dutse, don kaya ake ɗauka. A hanyar daji tayar da ta yi tauri tsalle take a kan saiwoyi, ta zame a kwana. Mai nauyin kilo 75 ya fara da ma'auni 1.8 a gaba, 2.0 a baya, a famfon da ke auna iska da ma'aunin da ake kira "bar", sannan ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. In ta yi laushi da yawa, bakin ƙarfen ƙafa zai cije tub ya bar huda biyu a jere kamar saran maciji. Bawul ɗin ma ba irin wanda muka sani ba ne, siriri ne da ake kira na Faransa, sai ka kwance ɗan kansa kafin iska ta shiga. Masu tayar da ba ta da tub suna zuba ruwan liƙi kamar mililita 100 a kowace ƙafa. Yana toshe hudar ƙaya da kansa, amma yakan bushe cikin wata 3 zuwa 6. A bakin tafki babu mai faci a gindin mangwaro, saboda haka tub guda, famfo, abin ɓanɓare taya da alanki su zauna a jaka.

Yashi da ruwa in sun haɗu da mai a jikin sarƙa, niƙa haƙoran giya suke. Bayan kowace fita ka wanke da bokiti da buroshi, ka goge, ka ɗiga mai a kowace gaɓa, ka sake goge wanda ya yi yawa. Injin wankin mota mai ƙarfin feshi yana kore giris daga cikin boris, ka guje shi. A lokacin sanyi ana watsa gishiri a tituna don ƙanƙara, sarƙar da aka bari a jiƙe kwana ɗaya za ta wayi gari ja. Mai kuma kada ya taɓa faifan birki ko kaɗan. In ya taɓa, birki zai yi ta kuka ba ya kamawa, sai an sauya takalmansa.

Doka tana son farar fitila a gaba, ja a baya, da ƙararrawa, keken daji kuma yawanci babu su yake zuwa. Riƙe waya a hannu kana tuƙi tara ce tun 1 ga Yuli 2019. Hular kwano ba dole ba ce a doka, amma a cikin daji ba za ka ga mai hankali babu ita ba. Yawancin gandun daji daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ake shiga, a Disamba kuwa ƙarfe 4:30 na yamma magariba ta yi, a Yuni sai wajen 10 na dare. Wasu wurare, kamar dazukan Utrechtse Heuvelrug, sai da takardar izinin da ake saye a manna. Dabbobin kiwo ana ba su tazarar mita 25 aƙalla. Ba shanun Fulani ba ne da suka san sanda da muryar mai su, musamman saniya mai ɗan maraƙi.

Tufafi hawa uku, babu auduga a jikin fata domin tana riƙe gumi ta sanyaya ƙirji, da safar hannu. Rigar sanyin hunturun gida ba ta tare wannan iska, kaftani kuma sarƙa ce za ta cinye bakinsa. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, don haka ka sha kamar rabin lita duk awa ko ba ka ji ba.

Daga bazara zuwa kaka akwai kaska a cikin ciyawa, ƙarama kamar ƙwayar riɗi, wasu na ɗauke da cutar Layim. Da ka dawo ka duba bayan gwiwa, hammata da matsematsi. In ka ganta, ka kama ta daf da fata da ɗan hantsaki ka ja a miƙe, kada ka shafa mata mai ko ka ƙona ta. Ka rubuta ranar. Jan zobe da ke faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi a makonnin da suka biyo baya, maganar likitan unguwa ce.

In iska ta gama da kai nesa da gida, jirgin ƙasa na NS, kamfanin jiragen ƙasa na Holand, yana ɗaukar keke da tikitinsa na daban, a taragon da ke da hoton keke a ƙofa. A ranakun aiki ba a shiga da shi daga 6:30 zuwa 9:00 na safe, da 4:00 zuwa 6:30 na yamma, sai a Yuli da Agusta da ake ɗage wannan sharaɗi.