Ruwan lagireton tsohuwar Corolla ya daina komawa ja

'Yan uwa, albishirinku. Ruwan motar nan dai ya tsaya kore shar, an hau titi da ita an dawo, an sha cunkoso da rana tsaka, kuma launinsa bai sauya ba. Ga waɗanda ba su san motar ba, Corolla ce ƙirar 1994 mai injin 4A-FE, wato bulok (gangar jikin injin) na ƙarfe, kan silinda na alminiyom. Ku riƙe maganar bulok ɗin ƙarfen nan, don a kanta duk wahalar ta ta'allaƙa.

Tun da motar ta zo hannuna ruwan da ke cikinta kamar kunun tsamiya yake. Da gani ka san shekaru aka yi ana ɗura mata ruwan rijiya da na burtsatse, in ya ragu a ƙara, babu kulant, wato ruwan sinadarin da ake zuba wa lagireto, ko ɗigo. Na yi abin da kowa ya sani: na kwance makunnin ƙasan lagireto, na tsiyaye, na cika da ruwa, na tayar da inji ya yi zafi, na bari ya huce, na sake tsiyayewa. Na maimaita har ruwan ya fara fitowa garau. Washegari na je aiki na dawo, da inji ya huce na buɗe murfi, sai ga jan ruwa ya dawo kamar ban taɓa komai ba. Na sake wankewa, ya sake dawowa. Wallahi raina ya ɓaci, don duk ranar hutu a ƙarƙashin mota take ƙarewa, kuma ba abin da zan nuna.

Wani ya ce min gaskit ɗin da ke tsakanin bulok da kan silinda ne ya ƙone, in shirya sauke kan silinda. Ban yarda ba, don babu alama ko ɗaya. Baƙin mai bai yi fari ba, ƙasan murfin mai ba kumfa, ekzos ba ya fitar da farin hayaƙi, kuma in inji na sulo ba a ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto. Sai na ɗebi ruwan a gorar roba na ajiye ya kwana. Da safe sama ya washe, ba maiƙo ko kaɗan, a ƙasa kuma laka ta kwanta kaurin yatsa, ja a sama, baƙa a can gindi. Na kara maganaɗisun tsohuwar lasifika a jikin gorar, baƙin garin nan ya taso ya biyo shi. Tsatsar ƙarfe ce tsagwaronta, kuma babban wurin da ƙarfe ke kwana cikin ruwa a injin nan shi ne bulok.

Abin da ya ƙara buɗe min ido shi ne awo. Injin nan yana cin lita 5 da ɗoriya, amma da na auna abin da ke fita ta ƙasan lagireto, da kyar ya haura rabi. Sauran yana nan zaune a jikin bulok da cikin hita, tare da duk lakar da ta yi nauyi ta kwanta. Ruwan da nake zubawa saman lakar yake bi ya wuce. Sai an hau titi, wata-famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, ya juya da ƙarfi, sannan ya ɗago ta ya watsa ko'ina.

To, akwai matsiyayi a jikin bulok ɗin kansa, a fuskar gaba, ɓangaren ekzos, kuma a kansa na fi shan wuya. Wurin matsattse ne, hannu ba ya shiga da daɗi, kuma kan notin ya yi tsatsa har ya fara mulmulewa. Kada wanda ya sa masa sifana mai buɗaɗɗen baki, zai cinye kusurwoyin ne kawai ya bar ka da aikin walda. Na fesa masa man kwance tsatsa na bar shi ya jiƙu, na dawo na ƙara, na ɗan ƙwanƙwasa kansa da ƙaramar guduma. Sannan na sa soket mai kusurwa shida da dogon hannu, na fara ɗan matsawa ta wajen ɗaurewa kaɗan kafin in juya ta kwancewa. Ya yi ƙara ya saki. Na zare shi gaba ɗaya, na tara baho, na jira.

Ko ɗigo bai fito ba.

Injin cike da ruwa, rami a buɗe, amma busasshe. Na haska da tocila, sai na ga bakin ramin a toshe da wani abu baƙi mai tauri. Na sami waya mai ƙarfi, irin ta sifok ɗin keke, na riƙa sokawa ina murzawa. Da farko gari ne ke zubowa a bushe. Can sai wayar ta shige zuruf, baƙar laka mai kauri ta fara fitowa a hankali, sannan ruwa ya ɓalle da ƙarfi har ya tsallake bahon. Ɓarɓashin tsatsa da ya taru a gindin bahon ya kai cikin tafin hannu, har da ɓawo-ɓawo masu faɗin farce. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Daga nan na cire tiyon sama, na zura tiyon famfo, na bar ruwa yana bi ta cikin bulok yana fita ta ramin. Duk sanda ya rage gudu sai in sake soka waya, wani ɓawon ne ya tare hanya. An ɗauki lokaci kafin ya fita fari.

Na ɗauka an gama, ashe akwai saura a hita. Mu nan ba mu damu da hita ba sai sanyin hunturu ya matsa da asuba, shi ya sa bawul ɗinta da ke jikin bangon inji yake shekara da shekaru a rufe. Nawa ya ƙage, in ka tura madannin cikin mota zuwa zafi wayar ce kawai ke lanƙwashewa, bawul bai motsa ba. Na cire wayar, na sa masa mai, na riƙa motsa shi da filaya a hankali har ya saki. Na zare tiyo biyun da ke shiga hita, na tura ruwa ta bakin da ya saba fita domin ya koro dattin baya. Abin da ya fito ya fi na bulok wari. A nan dai a bi a hankali, kada a buɗe famfo duka kuma kada a kawo injin wankin mota kusa. Murfin lagireton motar nan 0.9 aka rubuta a kansa, wato duk tsarin bai saba ɗaukar matsin da ya kai bar ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) ba, kuma in hita ta fashe sai an sauke dashbod kafin a kai gare ta. Bututun da tiyon ke hawa ma siriri ne, in tiyo ya manne gara a tsaga shi da reza a sayi sabo da a murɗe shi da filaya.

Maganar sinadarin wanki kuwa, an ba ni shawarar soda da garin sabulu, duka na ƙi. Soda tana cin alminiyom, ga kan silinda na alminiyom. Garin sabulu kuma kumfarsa ba ta ƙarewa. Na yi amfani da ruwan wankin lagireto na kwalba zagaye ɗaya, yadda aka rubuta a jikinsa, na ɗauraye sosai. Ina sane da cewa a tsohon inji wani lokaci tsatsar ce ke toshe ƙananan huji, musamman a murafan ƙarfen da aka buga a jikin bulok, don haka bayan wankin na bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila. Alhamdu lillahi duk a bushe suke.

Da na buɗe gidan tamostat (bawul ɗin da ke hana ruwa bi ta lagireto sai inji ya yi zafi), inda tiyon ƙasa ke shiga, wayam na tarar. An cire shi tun tuni, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda da wannan ba. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tayar da shi, a sha fetur a banza. Na sa sabo mai buɗewa a digiri 82. Akwai ɗan ƙaramin bawul mai rawa a gefen faifansa, dole ya kalli sama, don ta nan iska ke kuɓucewa lokacin cikawa. Fanka ma na duba, Allah ya sa ba a haɗa ta kai tsaye ba. A injin nan in ka zare soket ɗin suwicin fanka alhali makulli na kunne, fanka za ta tashi nan take, hanya ce mai sauƙi ta sanin ko ita da rilenta lafiya suke.

Kuɗi ya ciji aljihu a wajen kulant. Galan ɗaya na mai kauri, wanda ba a sirka ba, da tamostat da murfi da tiyo biyu na hita, sun tasar wa naira dubu hamsin, kuma kulant ɗin ne ya ci kaso mafi tsoka. Ku karanta jikin galan kafin ku biya, da yawa an riga an sirka su, in ka ƙara musu ruwa ka kashe ƙarfin maganin tsatsar. Launi kuma ba ya nuna iri, kamfani ne ke zuba shi. Wasu za su ce me za mu yi da maganin daskarewa a garin da ake kai digiri 40. Gaskiya ne haɗin rabi da rabi sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili yake daskarewa, wannan bai shafe mu ba. Abin da nake saye shi ne maganin tsatsar da ke ciki, da kuma ɗaga matakin tafasa zuwa wajen 107, kafin murfi ya ƙara nasa. Na yi ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa. Mai sayen ruwan batir don wannan aikin ya tabbatar tataccen ne aka ba shi, ba mai asid ba, don a shago ɗaya ake sayar da su. Tunda duk yadda ka tsiyaye akwai ruwan da zai maƙale a ciki, sai na fara zuba lita biyu da rabi na mai kaurin, sannan na cike da tataccen ruwa.

Fitar da iska bai ba ni wahala ba. Na ɗora gaban motar a kan tudu, na kafa mazurari a bakin lagireto, hita a kan zafi, inji na sulo, ina matsa tiyon sama ina saki. Kumfa ta riƙa tasowa, ruwan mazurari ya ɗan hau, can da tamostat ya buɗe sai ya faɗa ƙasa lokaci guda, tiyon ƙasa ya ɗau zafi. Na ƙara, na jira fanka ta tashi ta tsaya, na rufe. Da safe tankin ajiya ya ɗan ragu, alamar sabon murfi yana zuƙo ruwa in inji ya huce, abin da tsohon ya daina yi saboda robarsa ta tsage. Allurar zafin inji yanzu tana hawa ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, ba ta motsi.

Duk ruwan da ya taɓa kulant a jarka nake zuba shi in rufe. Yana da zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda, akuya ko kyanwa ko yaro na iya sha, kada a bar shi a baho ko a tsakar gida ko na minti biyar.

Abin da ya rage shi ne wata-famfo. Da nake duba ƙasa na ga busasshen layin kore a ƙarƙashin ɗan ramin da ke jikinsa, alamar sil ɗinsa mai tare ruwa ya fara sallamawa, kuma ba mamaki bayan shekarun da ya yi yana niƙa tsatsa. Bai kai ga ɗiga a ƙasa ba tukuna, fulinsa ma ba ya girgiza. Zan tace kulant ɗin nan in ajiye shi in mayar bayan aikin, don ba zan sake sayen wani galan ba. Wanda ya taɓa canza shi a 4A-FE, don Allah ya gaya min ko sai da ya ɗaga injin ya cire mazauninsa na dama kafin hannu ya shiga, ko cire murafan tamin-bel kawai ya wadatar.