Baƙon da ya zo bakwai ɗin Kaka

Yau aka yi addu'ar bakwai. Tun bayan asuba muka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar zaure har gindin dogon yaro, kafin hantsi babu wurin sa ƙafa. Mutanen Mabera sun zo, na Runjin Sambo da Gidan Igwai sun zo, har tsofaffin abokan sana'arsa 'yan fata, waɗanda sai da aka riƙo su daga kan babur. An sauke Alƙur'ani, liman ya yi addu'a, aka raba masa da gumba. Daga cikin gida har dariya na jiyo: Goggo ce ke ba yara labarin yadda Kaka ke ɓoye mana dabino a aljihun 'yar shara don kada Inna ta ce ya lalata jikoki. Na ji daɗin dariyar nan, shi ma ba ya son gida ya yi tsit.

Wajen ƙarfe goma, jama'a sun fara raguwa, sai ga wani dattijo da sanda, rigarsa ta sha ƙurar hanya. Ya yi sallama ya zauna can gefen tabarma, kusa da takalma. Yaya na tsaye yana sallamar masu motoci. Ya dube shi sau ɗaya, ya zaro kuɗi ya miƙa masa, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Dattijon bai karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, ba bara niz zo ba. Gaisuwar Malam niz zo."

Yaya ya mayar da kuɗinsa aljihu ya koma wurin baƙinsa. Ni na kawo ruwa da fura na zauna kusa da shi.

"Baba, daga ina?"

"Illela. Shekaranjiya labari yas same ni. Kai jikanai na?"

Na ce e. Ya daɗe yana dubana, sannan ya nuna rijiya da sandarsa ya ce har da hannunsa aka gina ta.

A 1973 suka zo, shekarar farin nan, wadda kuma a cikinta aka bar fam aka koma naira. Ya ce bisashensu sun ƙare ƙarƙaf, gero bai yi ba, mutanen arewa har da na ƙasar Nijar suka yi ta kwararowa Sakkwato, lokacin tana babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, Sarkin Musulmi Abubakar na uku yana kan gado. Shi da matarsa da yara suka kwana a tasha, ba su san kowa ba. Kaka ya je karɓar kayan fata ya gan su. A lokacin nan duk unguwar nan gonaki ne, gidan Kaka kaɗai ne a tsaye, mutanen cikin gari ma suna yi masa dariya wai ya bar birni ya koma zama da kuraye. Ya kawo su, ya ba su zauren nan da muke zaune a ƙofarsa, ya sa Inna ta riƙa auna musu hatsi daga rumbu ɗaya da na gida.

"Shi yab ba mu wuri, shi yab ba mu hatsi, kuma bai taɓa ce muna baƙi ba."

Ba su kaɗai ba ne. Ya lissafa min gidaje a layinmu da na bayanmu, ya ce iyayensu duk ta zauren nan suka bi. Wasu na san su, da jikokinsu muka yi makarantar allo. Kaka ne ya yi ta kai da kawo wurin mai unguwa har aka yanka musu filaye, su kuma suka haɗa ƙarfi aka gina rijiya da masallaci. Da aka soma ilimin firamare kyauta a 1976, Kaka ya fara kai 'ya'yansa mata, su Goggo ke nan, sannan ya bi gida gida yana roƙon maƙwabta. Babbar ɗiyar dattijon nan da hannunsa ya kai ta aji.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ban taɓa jin wannan ba. Kaka mai labari ne. Na san yadda ake gane fatar jan akuya mai kyau daga bakinsa, na san tafiyarsa Makka, na san ranar da jaki ya kayar da shi a Ƙofar Rini, don kullum sai ya maimaita. Amma ko sau ɗaya bai ce ni na ciyar da wane ba. Yau malamai sun yi ta yabonsa, mai rijiya, mai masallaci, uban unguwa, alhali mutumin da ya fi kowa sanin farkon abin yana zaune kusa da takalma, jikan gidan yana miƙa masa sadaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai huce ba.

Na shiga na gaya wa Inna. Tana jin Illela ta aje tasbaha ta ambaci sunan matarsa, ta ce tare suka yi daka har hannuwansu suka yi kanta. Ta sa aka kawo shi bakin ƙofa, suka gaisa ta bayan labule. Da ya ce matar ta rasu, Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Ya ƙi kwana, wai ya bar awaki ba mai dubawa. Na kai shi tasha bayan azahar. Kuɗin mota ma sai da na ce Inna ce ta ba da sannan ya karɓa.

Zafi yau ba a magana. Kujerun haya gobe za a mayar. Ni da Yaya ba mu yi magana ba tun safe.

Kawu ya ce bayan arba'in za a zauna maganar gado, kuma na ji ana raɗe-raɗin a rufe rijiya a fitar da shaguna tunda akwai burtsatse. Jika ba shi da ta cewa a wannan zama, amma zan roƙi Babanmu ya hana.